Babi na Biyar: Masu Ɗaukar Makara

Ban san sunansa na yanka ba sai ranar da aka sallace shi. Mai Ruwa kowa yake ce masa a unguwarmu ta cikin birnin Kano, har mu da ya isa ya yi jika da mu, shi kuma bai taɓa nuna ya damu ba. Daga wani ƙauye na ƙasar Damagaram ya fito. Da fari cin rani yake zuwa, in ruwa ya sauka ya koma gona. Sai wata shekara damina ta zo ta wuce bai tafi ba, daga nan ya zama namu. Da garwa biyu da sanda a kafaɗa ya fara, daga baya ya samu kura da jarkoki. A soron wani gida yake kwana, kayansa duka ba su wuce tabarma da bargo da rediyo da wani tsohon akwatin ƙarfe ba.

Ladan ne ya fara lura. Kullum kafin kiran assalatu Mai Ruwa ya riga ya cika randar masallaci, kuma ko sisi ba ya karɓa a kan wannan. Ran nan, ana tsakiyar hunturu, ladan ya tarar da randa da ɗan guntun ruwan jiya a gindinta. Da aka idar da salla ya ce a leƙa soron. Aka same shi a kwance, bargo har wuya, rai ya yi halinsa.

Shekarata goma sha uku a lokacin, kuma har yau abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda ba wanda ya kira taro, ba wanda ya raba aiki, amma kafin rana ta fito kowa ya kama nasa. Liman ya shiga ya rufe masa ido, ya ɗaure masa haɓa da tsumma mai tsabta. Aka tura wa mai unguwa. Aka aiki wani yaro ya samo dogon karan dawa, aka gwada tsawon mamacin aka karya daidai, samari biyu suka hau keke da karan suka nufi makabarta don masu haƙa su san awon kabari. Mai kantin yadi na bakin titi ya buɗe tun lokacinsa bai yi ba, ya yanko farin yadi bai tambayi wa zai biya ba. Tela ya zauna a kan dakali yana tsaga likkafani. Daga wani gida aka aiko da ganyen magarya, daga wani aka aiko da turare. Ruwan wanka kuwa ba a je nema ba, don kurarsa tana nan a ƙofar soro da jarkokin da ya cika da yammacin jiya. Da ruwan da ya ɗebo da hannunsa aka wanke shi.

Da hantsi aka fito da shi a makara aka ajiye a filin ƙofar masallaci. Sahun da aka yi ya fi na kowace salla da na saba gani a wurin. Kafin liman ya yi kabbara ya juyo ya fuskanci mutane, ya faɗi sunan mamacin da na mahaifinsa, sa'an nan ya ce, "Jama'a, wannan bawan Allah ya daɗe a cikinmu, ba shi da kowa a nan sai mu. Duk mai bin sa bashi ya yi magana, ko ya same ni in an dawo."

Mai shayi ya ɗaga murya daga sahun baya. "Allah gafarta Malam, akwai 'yan kuɗin shayi da burodi. Na yafe, duniya da lahira."

Ba wanda ya ƙara cewa komai. Sai bayan an dawo daga makabarta, ana zaune a kan tabarmi, yara suka fara zuwa ɗaya bayan ɗaya daga cikin gidaje, kowane da 'yan canji a dunƙule a hannu. "Wai in ji Inna, kuɗin jarka huɗu ne na jiya da shekaranjiya." "Wai in ji Hajiya, na sati ne ba a ba shi ba." Ashe unguwar ce take riƙe da bashinsa. Liman ya tara kuɗin a hularsa, aka haɗa da abin da aka samu a cikin akwatin da kuɗin kurar da aka sayar, aka nemo wani ɗan garinsu da ke sana'a a bakin Kasuwar Kurmi, aka danƙa masa a gaban shaidu ya kai wa magada.

Duk wanda ya zauna gaban malamin zaure ya yi Iziyya ko Risala ya san sunan abin da unguwarmu ta yi ran nan. Malamai suna ce masa fardu kifaya. Salla biyar da azumin Ramadan wajibi ne a kan kowane mutum shi kaɗai, ba mai yi wa wani. Amma wanke mamaci da yi masa sutura da sallatarsa da binne shi, a wuyan jama'a aka rataya su gaba ɗaya. In wasu sun yi, an sauke wa kowa. In aka bar gawa ba wanda ya kula, duk wanda ya sani kuma yake da iko ya shiga laifin, har wanda bai taɓa gaisawa da mamacin ba. Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, mai Risala, ya rasu tun shekarar 996, amma hukuncin da almajirai ke biyawa a littafinsa shi ne ya fito da mai kantin yadi daga gida da sassafe, ko da shi bai taɓa buɗe littafin ba.

Na daɗe ina juya wannan hukunci a raina, don yana faɗin wani abu game da zaman tare wanda ba kasafai muke kula da shi ba. Mun saba ɗaukar lada da zunubi a matsayin lissafin mutum shi da Ubangijinsa. Haka ne kuma. Sai ga wani nau'in lissafi da aka buɗe da sunan unguwa. Samarin nan biyu da suka tafi da kara a kan keke sun sauke nauyi daga wuyan attajirin da ke barci a benensa, sun sauke daga wuyan matar da ke cikin kulle ba ta ma ji labari ba tukuna. Wani ya yi aiki, wani ya kuɓuta. Ashe maƙwabcinka yana iya kare ka daga laifi a wurin Allah kana kwance ba ka sani ba, kuma sakacinku tare yana iya jawo muku laifi tare.

Maganar bashin ma da tushenta. An ruwaito cewa an taɓa kawo wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wata gawa, da ya ji akwai bashi a kanta kuma ba abin biya sai ya ja baya, har sai da Abu Ƙatada ya ɗauki bashin a kansa kafin aka yi sallar. Shi ya sa limamanmu ba sa yin kabbara sai sun tambaya. Mamaci ba ya iya biya, ba ya iya neman afuwa, bakinsa ya rufu. Abin da ya rage masa yana hannun waɗanda ya bari a tsaye. Mai shayin da ya ce ya yafe ya san kuɗin ba su taka kara sun karya ba. So yake mutumin ya tafi da sauƙin kaya.

Ita kanta sallar gawa ba ruku'u ba sujada, kabbara huɗu ce a tsaye, kuma kusan dukkanta addu'a ce ga wanda ke kwance a gaba. Ba na jin akwai wata ibada da mutum ke yi wadda amfaninta ya karkata ga wani kamar wannan. Akwai ruwaya a Sahihu Muslim da ke nuna cewa in mutum arba'in masu tauhidi suka tsaya a kan gawa, ana karɓar cetonsu gare ta. Don haka ne in an dawo daga jana'iza, abin da mata ke fara tambaya daga cikin gida shi ne, "Ya samu jama'a?" In aka ce ya samu, sai ka ji an yi hamdala, kamar an ce ya isa masauki lafiya.

Mahaifina ne ya tura ni ƙarƙashin makarar Mai Ruwa. Muna tafe a baya sai ya dafa ni ya ce, "Je ka sa kafaɗa."

Na ce, "Baba, ai ban kai ba."

"Sa hannu to. Ruwansa ka sha."

Wanda bai taɓa bin gawa a cikin birni ba, da wuya ya gane yadda ake ɗaukar nan. Da sauri ake tafiya, kusan sassarfa, ta lunguna masu kwata a tsakiya, kuma makara ba ta daɗewa a kafaɗa ɗaya. Mutum zai shigo ta gaba ya karɓa, ya yi taku goma ko ashirin, wani ya zo ya zare shi, ya koma baya, can kuma ya sake kewayowa. Ba mai cewa ba ni, ba mai cewa karɓi. Masu shaguna suna miƙewa in an zo wucewa, mai keke ya sauka, wani ma ya bar abin da yake yi ya bi sahu ba tare da ya tambayi ko gawar wa ce ba. Ni dai yatsuna kawai suka taɓa katakon, ina ɗage, na yi 'yan taku wani dogo ya karɓe. Amma na ji nauyin. Ban zaci siririn mutum kamarsa zai yi nauyi haka ba.

A makabarta an riga an gama haƙa, uwar kabari da ɗan ramin cikinta daidai awon karan nan. Mutum uku suka sauka suka karɓe shi, aka kwantar da shi a kan gefen dama yana fuskantar alƙibla. Aka jera itace, aka toshe kafofi da ganye da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, sa'an nan kowa ya sa hannu ana turawa. Wanda ya shiga ramin ya gyara masa kwanciya, in ban manta ba, wani mahauci ne da suka taɓa yin cacar baki a kan kuɗin ruwa har sai da aka raba su.

Hausawa na cewa shaidar duniya ita ce ta lahira. Maganar tana da madogara a hadisi, inda aka wuce da gawa sahabbai suka yabe ta, aka wuce da wata suka ambace ta da sharri, Annabi ya tabbatar wa kowace abin da aka shaide ta da shi. Wannan ya sa bakin maƙwabta ya zama abin tsoro ta wata fuska da ta wuce tsoron tsegumi. Mutumin da ya san cewa waɗannan da yake wucewa a kan dakali kullum su ne za su tsaya a kansa, dole gaisuwarsa ta canza. Ina ganin rabin ladabin tsofaffin unguwanninmu daga nan ya samo asali: tsayawa a gaisa har a tambayi gajiya da iyali da sanyi, zuwa dubiya, kai kwanon tuwo gidan da aka san yau ba a ɗora tukunya ba. Kowa yana tara shaidunsa tun yana da rai.

Sai dai ba zan yi wa mai karatu daɗin baki ba, shaidar nan tana da gurgun gefe. Maza ne ke tsayawa a sahu, su ne ake jin muryarsu a zaman makoki na ƙofar gida, alhali wanda ya fi kowa sanin halin mutum yana can cikin gida bayan labule. Mun sha ganin inuwar giginya, na nesa ka sha ta: mutumin da waje ke yabo saboda fara'a da kyauta, matarsa da 'ya'yansa kuwa sun san wani mutum dabam. Irin wannan yakan samu jama'a har a rasa wurin tsayawa. Haka kuma idon unguwa da ke lura da randar da ba a cika ba, shi ne dai idon da ke ƙirga wa bazawara fitarta, ya hana yaron da ya taɓa yin sata sake samun amana ko da ya shiryu shekara goma. Wanda ya tashi a irin wannan wuri ya san daɗinsa, ya kuma san yadda yake shaƙe wuya wani lokaci. Da yawa daga cikin waɗanda suka bar cikin gari suka koma bayan gari, ba ƙuncin ɗaki kaɗai suka guda ba.

A cikin gida kuwa, aikin mata ne ke riƙe da makoki. Ba a barin gidan mutuwa ya hura wuta a kwanakin farko. Kwanuka ne ke shigowa daga maƙwabta, wannan da tuwo, wannan da shinkafa, wannan da kunu a bokiti, kuma akwai tsohuwar da ta san kwanon kowane gida ba tare da an rubuta suna ba. Mace ce ke wanke mace, kuma kusan kowace unguwa tana da dattijuwar da ake buga wa ƙofa ko da tsakar dare ne. Matar mamaci za ta shiga takaba wata huɗu da kwana goma, kuma maƙwabta ne ke ɗebe mata kewa bayan dangi na nesa sun watse. Mai Ruwa ba shi da gidan da za a kai kwano. Duk da haka an kawo, aka ajiye a ƙofar soron, almajirai suka ci suka yi masa addu'a.

A kan wannan sadaka ne malamanmu suka daɗe suna saɓani, kuma saɓanin ya girmi yawancin masu yin sa a yau. Tun a farkon rabin ƙarni na ashirin Malam Muhammadu Salga ya yi jayayya da malaman Madabo a Kano a kan wasu al'adun da ake yi wa mamaci. Da aka kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978, maganar sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in ta dawo sabuwa, har ta raba 'yan uwa a tabarma ɗaya, wani ya zo gaisuwa ya ƙi cin waina, wani ya ji haushi har shekara. Ba ni da hurumin yanke hukunci a nan. Abin da na lura da shi kawai shi ne duka ɓangarorin ba su taɓa musun cewa akwai hanya tsakanin mai rai da mamaci ba. Kowa ya yarda addu'a tana isa, biyan bashi yana isa, sadaka da aikin Hajji a madadinsa suna isa. Rigimar a kan kwanaki ce da siffa, da kuma nauyin da ake ɗora wa marayu na ciyar da taron da ya fi ƙarfinsu, wanda a nan kam ina tare da masu cewa a sassauta. Na ga gidan da aka ci bashi don a yi abincin arba'in, alhali yaran gidan ba a biya musu kuɗin makaranta ba.

Binne baƙo ba sabon abu ba ne a Kano. Sunayen unguwannin birnin kansu suna ba da labari: Zangon Barebari, Tudun Nufawa, Agadasawa, Ayagi ta Yarabawa, Dandalin Turawa inda Larabawan Arewacin Afirka suka zauna. Duk mutanen da suka zo daga nesa ne, suka sauka, suka yi masallaci, aka binne iyayensu a nan, jikokinsu suka zama Kanawa. Mu ma da muka fita haka aka yi. Fataken da suka bi hanyar Gwanja neman goro, ta Salaga har Kumasi, suna barin gida wata da watanni, kuma ba duka ke dawowa ba. Mutumin da zai yi irin wannan tafiya yana bukatar ya san cewa in ta Allah ta kasance a hanya, akwai wanda zai wanke shi ya fuskantar da shi alƙibla, ya kuma kai wa iyalinsa abin da ya bari. Zango ya biya wannan bukata tun kafin ya zama kasuwa: ga mai masauki, ga liman, ga sarkin zango.

Wani masanin zaman jama'a, Abner Cohen, ya zauna a Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960, unguwar Hausawa da aka kafa a 1916, ya rubuta littafi a kanta da ya fito a 1969. Abin da ya ja hankalinsa shi ne yadda ake cinikin shanu da goro na maƙudan kuɗi bisa bashi, tsakanin mutanen da ke nesa da juna ɗaruruwan mil, ba takarda ba kotu. Ya kuma lura da yadda ɗariƙar Tijjaniyya ta bazu a unguwar a farkon shekarun 1950, ta haɗa mutane a zikirin jam'i kullum. Shi ta fuskar siyasa da tattalin arziki ya karanta abin, kuma yana da hujjarsa. Amma dillalin da ke zaune a Sabo ba zai ce maka yana riƙe amana don tsarin kasuwa ba. Zai ce maka yana jin kunyar mutanen da yake haɗa gwiwa da su a wazifa, kuma ya san su ne za su ɗauke shi.

An gwada ƙarfin wannan igiya ta zumunci a Kano a watan Afrilun 2020. Aka rufe gari saboda korona, aka hana sallar Juma'a, azumi ya kama mutane a kulle, sai ga mace-mace, galibi na dattawa, sun yi yawan da ba a saba gani ba. Masu haƙar kabari ne suka fara faɗa, su da ke ƙirga ramuka da hannunsu a makabartu irin su Dandolo da ta Abbatuwa, tun hukuma ba ta ce komai ba. A watan Yuni ministan lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya ce an ƙirga mutum 979 da suka rasu a ƙananan hukumomi takwas na cikin birnin, kuma rabi ko fiye da haka ana danganta su da cutar. A cikin wannan hali aka ce wa mutane kada su taru a jana'iza. Da yawa ba su ji ba, aka yi ta zaginsu da jahilci a rediyo da intanet.

Ni ban ga jahilci kaɗai a ciki ba. An ce wa mutum ya zauna a gida alhali ana wucewa da malamin da ya koya masa alif, ko maƙwabcin da ya ɗauki mahaifinsa. A wurinsa wannan bashi ne da ba a ɗage biyansa. Abin da ya ba ni takaici shi ne maganin yana cikin hukuncin kansa, ba a dai yi ta nanata shi da harshen da mutane ke ji ba. Ma'anar kifaya ai ita ce kaɗan su wadatar. Mutum goma in sun wanke sun sallata sun binne, sun sauke wa dubu, kuma wanda ya zauna a gida don kada ya kai wa tsohuwarsa cuta bai bar komai ba. Su kuwa dattawan da ke haƙa, waɗanda yawancinsu ba su da wani albashin kirki sai abin da masu gawa suka miƙa musu, su suka ɗauke wa birni guda farillarsa a makonnin nan, da diga da shebur, da azumi a bakinsu. Ban ji an tara musu ko kwanon hatsi da sunan gari ba, in ban da ɗaiɗaikun masu alheri.

Yanzu shekara tara ke nan ina zaune a wata sabuwar unguwa a bayan gari. Gidajen suna da kyau. Katanga ta fi tsayin mutum biyu, da waya a samanta, kowane gida da burtsatsensa da tankinsa, don haka ba mai ruwan da ke shiga gida-gida ya san wa ke kwance ba lafiya. Ba dakali. Masallatai sun yi yawa har kusan kowane layi da nasa, wani ma a jikin gida, sahu ɗaya ba ya cika, kuma rabin masu sallar masu gadi ne da direbobi. Ina fita a mota gilashi a rufe, in dawo bayan isha. Muna da zaure a WhatsApp inda ake maganar kuɗin 'yan sintiri da gyaran taransifoma. Ba na cewa mutanen banza ne, don in ka neme su da bukata za su yi maka. Ba ma dai bukatar juna ne a kullum, kuma na fara zargin cewa wancan zumuncin na cikin gari da bukata aka saƙa shi, da aron turmi da ɗiban wuta da bashin jarka huɗu.

Bara, wata Laraba da dare, na buɗe wayata na ga an rubuta a zauren cewa mai gidan da ke jikin nawa ta gabas ya rasu tun ranar Lahadi. A asibiti ya cika, daga can aka wuce da shi gidansu na gado a cikin birni, aka sallace shi a ƙofar masallacin da ya tashi, mutanen da suka san shi tun yana yaro suka ɗauke shi. Ƙarƙashin sanarwar an jera addu'o'i, yawancinsu hoton rubutu ne da ake turawa. Ranar Lahadin nan ina gida. Na tuna har na ji ana ta buɗe get ana rufewa, na ɗauka baƙi suka yi.

Da safe na sa babbar riga na fita da ƙafa, abin da rabona da yi a layin har na manta. Taku ashirin ne tsakanin ƙofata da tasu. Na ƙwanƙwasa, mai gadi ya leƙo ta 'yar taga, ya ce wa za a ce. Na faɗi sunana, na ga bai gane ba, ya dai shiga. Can wani saurayi ya fito, idonsa ja, da carbi a hannu, kamar mahaifinsa sak a tsayi da tafiya. Ya durƙusa ya gaishe ni.

Na ce, "Ya haƙuri? Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta."

"Amin, Baba. Allah ya ba da lada." Ya ɗan yi shiru yana dubana, yana neman inda zai ajiye fuskata. Sa'an nan ya ce, "Daga wurin aikinsu ne?"

Na ɗaga hannu na nuna masa katangar da ta haɗa mu.